Hoton taurari a kan daji da duwatsu: yadda ake ɗaukarsa, da inda duhun da yake buƙata ya rage

A watan Yunin 2016 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi, ɗan ƙasar Italiya, suka fitar da wata taswirar duniya wadda ke auna yawan hasken lantarkin da ya mamaye samaniya da dare. Taswirar ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin sararin da fitilu suka dusashe, kuma mutum ɗaya cikin uku ba ya iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama daga inda yake zaune. Singafo ce ta fi kowace ƙasa asarar darenta. A ɗaya ƙarshen jerin akwai Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska, inda fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'a suke ganin sama kamar yadda kakanninsu suka gan ta.

Wanda ya san Chadi ya san dalili. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne yake da wutar lantarki a ƙasar. Duhun da mai ɗaukar hoto daga Jamus ko Japan zai biya kuɗin jirgi ya zo nema, shi ne wanda ɗalibar ƙauye take fama da shi in ta tashi bitar karatu bayan isha'i. Fannin ɗaukar hoton taurari a kan shimfiɗar ƙasa ya ginu ne a kan wannan duhu, don haka bayaninsa ba ya cika sai an haɗa da tambayar yadda aka yi wani wuri ya kasance da duhu, da kuma wanda ya zaɓa masa hakan.

Abin da ake nufi da fannin

Hoton taurari iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗauka da madubin hangen nesa, inda ake zuƙo wata ko wata duniya ko gungun taurari shi kaɗai a cikin baƙin fili. Akwai kuma wanda ake haɗa sama da ƙasa a hoto guda: dutse, ko kuka, ko tudun rairayi, ko bakin tafki a ƙasa, taurari kuma a bisansu. Na biyun ne batunmu. Ƙasar da ke cikin hoton ita ce shaidar inda mai hoto ya tsaya, ita ce kuma ma'aunin da ke sa mai kallo ya ji girman abin da ke sama.

Abin da aka fi farauta shi ne wannan farin zanen da ke kama da hayaƙi. Turawa sun ba shi suna mai ma'anar Hanyar Madara, Larabawa kuma suna ce masa Darbut Tabbana, wato hanyar masu dakon ƙaiƙayi, don ya yi kama da abin da ya zube a bayan ayari. Gungun taurarin da ranarmu take ciki ne, mai siffar faifai, wanda aka ƙiyasta yana da taurari tsakanin biliyan 100 zuwa biliyan 400. Muna cikin faifan, shi ya sa muke ganinsa ta gefe kamar layi. Wurin da ya fi kauri da haske shi ne cibiyarsa, kuma hasken da ya taso daga can yana shafe kimanin shekara 26,000 kafin ya iso gilashin kyamara.

Ido da kyamara ba sa ganin abu ɗaya. A dare mai tsabta, ido yana iya rarrabe taurari 2,000 zuwa 3,000 a lokaci guda, amma ƙwayoyin idon da ke aiki cikin duhu ba sa gane launi sosai, don haka zanen yakan fito fari-fari ko toka-toka. Kyamara kuwa tana tara haske na tsawon sakan 15 ko 20, sai ruwan ƙasa da ja-ja da shuɗi su bayyana. Launukan na gaske ne, ido ne ya gaza kai musu. Wanda ya je daji da zaton zai ga irin abin da ya gani a Instagram zai dawo da ɗan takaici, in ba a gaya masa wannan tun farko ba.

Daga faranti zuwa wayar hannu

A shekarar 1840 John William Draper ya ɗauki hoton wata a birnin New York, a kan farantin ƙarfe da ya bari a buɗe kimanin minti 20. Bayan shekara goma, a watan Yulin 1850, John Adams Whipple da William Cranch Bond suka kama tauraron Bega a cibiyar nazarin taurari ta Harvard, tauraro na farko da aka ɗauka a hoto in an cire rana. Edward Emerson Barnard ya fara ɗaukar sassan Hanyar Madara daga 1889 a Kalifoniya. Duk waɗannan aikin masana ne, da manyan na'urori masu bin juyawar sama. Ƙasa ba ta fitowa a cikinsu, domin na'urar da ta bi taurari dole ta shafe dutsen da ke tsaye.

Hoton da aka fi ambata a tarihin haɗa sama da ƙasa shi ne wanda Ansel Adams ya ɗauka ranar 1 ga Nuwamban 1941 a ƙauyen Hernandez da ke jihar New Mexico ta Amurka: wata ya fito a kan duwatsu, fararen gicciye na maƙabarta suna sheƙi da sauran hasken yamma. Amma wannan hoton magariba ne. Fim bai iya kama taurari masu rauni cikin 'yan sakanni ba, kuma in an daɗe ana haska shi ƙarfinsa raguwa yake yi. Sai a ƙarshen shekarun 2000, da kyamarorin dijital masu jure ƙarancin haske suka shigo kasuwa, fannin ya zama abin da mutum ɗaya zai iya yi da jaka a baya. A 2007 Babak Tafreshi, ɗan jarida kuma mai hoto daga Iran, ya kafa shirin TWAN, wanda ya tara masu ɗaukar taurari a kan wuraren tarihi da na halitta a ƙasashe da dama. A 2009 cibiyar nazarin taurari ta Greenwich a Ingila ta fara gasarta ta shekara-shekara. A 2019 kamfanin Google ya sa wa wayarsa Pixel 4 tsarin da ke tara hotuna na kusan minti 4 ya haɗe su wuri guda, kuma wasu kamfanonin waya sun bi sahu.

Yadda ake ɗauka

Matsalar gaba ɗaya ita ce haske kaɗan ne, sama kuma ba ta tsayawa. Ƙasa tana juyawa digiri 15 a kowace awa. In aka bar ƙofar kyamara a buɗe ya yi yawa, taurari su zama gajerun layuka maimakon ɗigo. In aka rufe da wuri, hoton ya fito baƙi ƙirin. Duk saitin da ake yi sulhu ne tsakanin waɗannan biyun.

Abu na farko shi ne maɗori mai ƙafa uku, domin hannun mutum ba ya iya riƙe kyamara sakan 20 ba motsi. Wanda ba shi da shi yana iya ɗora ta a kan dutse ya tokare da ƙaramar jakar shinkafa ko ta rairayi. Ana sa ta ta ɗauka da kanta bayan sakan 2, don girgizar danna maɓalli ta wuce. Gilashin da ya dace shi ne mai faɗin gani, daga milimita 14 zuwa 24, a buɗe kafar shigar haskensa iyaka, f/2.8 ko abin da ya fi haka buɗewa. Ma'aunin ISO, wanda ke ƙara wa hoton ƙarfin haske, ana kai shi tsakanin 1600 da 6400, da sanin cewa duk ƙarin da aka yi yana zuwa da tsakuwa-tsakuwa a fuskar hoton.

Tsawon lokacin buɗewa yana da tsohon lissafi: a raba 500 da tsawon gilashi. Gilashi mai milimita 20 zai ba da sakan 25. Lissafin na manyan kyamarori ne. Ƙananan da yawancin masu hoton biki suke riƙe da su sai an fara ninka tsawon gilashin sau ɗaya da rabi, don haka gilashin milimita 18 da ke zuwa tare da kyamara ba zai wuce sakan 18 ba. Kyamarorin yanzu suna da kaifin da ke tona ƙaramin motsi, shi ya sa da yawa suka koma raba 400 ko ma 300.

Inda sabon shiga ya fi faɗuwa shi ne daidaita kaifi. Kyamara ba ta iya nemo shi da kanta a duhu. Sai an kashe na atomatik, a nemi tauraro mai haske a allon baya, a zuƙo shi, a riƙa murɗa zoben gilashi a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Alamar nesa da aka rubuta a jikin gilashi ba abin dogaro ba ce. Mutum yakan kwana yana ɗauka, hotunan suna da kyau a ƙaramin allo, sai ya dawo gida ya buɗe a kwamfuta ya tarar da kowane tauraro ya zama ƙosai. Ana kuma adana hoton a tsarin RAW, wanda ke riƙe duk bayanan da kyamara ta tara, don gyara ya yiwu daga baya.

Sauran dabaru ƙari ne a kan wannan. Ana ɗaukar hoto goma ko ashirin a jere a haɗa su da manhaja irin Sequator, sai tsakuwar ta ragu taurari su tsaya. Ana amfani da ƙaramar na'ura mai juya kyamara daidai da juyawar sama, a ɗauki sama na minti biyu ko uku, sannan a kashe ta a ɗauki ƙasa. Wasu kuma motsin suke so: su bar kyamara tana ɗauka awa ɗaya ko biyu, su haɗa, taurari su zama da'irori kewaye da tauraron arewa. Ƙasar da ke gaba, in ta yi duhu da yawa, siririn jinjirin wata ya fi tocila iya haska ta, domin haskensa yana sauka a ko'ina daidai. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba saƙon WhatsApp sau ɗaya ya isa ya ɓata wannan. Jan haske mai rauni ne kawai ba ya yi masa illa sosai.

Wata, damina da hazo

Mai bin kalandar Hijira yana da sauƙin da mai bin ta Miladiyya ba shi da shi, domin kwanan wata yana gaya masa halin dare kai tsaye. Daga 27 ga wata zuwa 3 ga sabon wata dare yana da duhu kusan gaba ɗayansa. A daren 14 da 15 farin wata yana shafe duk taurari masu rauni. Bayan nan wata yana jinkirta fitowa kimanin minti 50 kowane dare, don haka daga wajen 20 ga wata farkon dare ya zama na taurari.

Matsayin ƙasar Hausa a doron duniya ma yana taimakawa. Kano tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Agadas kuma kusan 17. Daga Kano cibiyar Hanyar Madara tana hawa har kimanin digiri 49 a sararin kudu, fiye da rabin hanya zuwa tsakiyar kai. A Landan ba ta kai digiri 10, tana maƙale a cikin hayaƙi da hasken gari. Daga nan kuma ana iya ganin tauraron arewa a ƙasa-ƙasa, a juya baya a ga taurarin nan huɗu masu siffar gicciye na sararin kudu, waɗanda ke kan tutar Ostareliya, sun ɗago kimanin digiri 18. Mutumin Ingila ba ya taɓa ganin na biyun, mutumin Afirka ta Kudu ba ya taɓa ganin na farkon.

Yanayi ne yake karɓe rabin wannan kyauta. Cibiyar tana kai ƙololuwarta da tsakar dare a tsakiyar watan Yuni, daidai lokacin da hadari ya kankama. Daga Nuwamba zuwa Janairu tana ɓangaren rana, ba a ganinta, sama kuma ta cika da hazon hunturu. Abin da ya rage tagogi biyu ne. Na farko a bazara, daga Maris zuwa Mayu, inda take fitowa cikin dare ta kai sama wajen ƙarfe 4 na asuba a tsakiyar Afrilu. Na biyu a kaka, ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke ƙura kuma hazo bai iso ba. Tana kudu maso yamma bayan magariba, ta faɗi kafin tsakar dare. A ganina na biyun ya fi, don iska ta fi tsabta kuma ba sai an kwana a waje ba. Daren da aka yi ruwa da yamma hadari ya watse a tsakiyar damina ya fi duka, sai dai ba a iya shirya masa.

Hunturu bai tafi a banza ba. In hazo ya yi sauƙi, lokacin ne na Kaza da 'Ya'yanta, wato Suraiya, da Kare da Zomo, kuma a daren 13 zuwa 14 ga Disamba ake ganin zubar taurari masu gilmawa da ta fi kowace yawa a mafi yawan shekaru. Waɗannan sunaye sun nuna cewa kallon sama ba baƙon abu ba ne a nan. Malamai da manoma sun daɗe suna lissafin shekara da masaukan wata 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, suna sanin lokacin shuka da na ɗaukewar ruwa da su. Manhajoji irin Stellarium da PhotoPills, masu nuna inda kowane tauraro zai tsaya a kowace awa, wannan lissafin suka sa a aljihu.

Ina iyakar gyara?

Babu hoton dare da ke fitowa daga kyamara a gama. Ana ɗaga haske, a daidaita launi, a rage tsakuwa. Ansel Adams kansa ya riƙa ƙara wa saman hotonsa na Hernandez duhu a bugun da ya yi daga baya, har ya bambanta sosai da na farko. Gardamar tana farawa ne inda aka ɗauko sama daga wani dare ko wata ƙasa aka liƙa a kan wani dutse. Tun 2020 manhajar Photoshop take da maɓallin da ke musanya sama cikin sakanni, kuma a watan Maris na 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wayoyin Samsung bayan wani ya nuna cewa suna ƙara wa dusasshen hoton wata ramuka da zanen da ba sa cikinsa.

Sama ba ta da sauƙin yi wa ƙarya, domin tana da lissafi. Cibiyar Hanyar Madara ba za ta bayyana a arewa ba ga wanda ke tsaye a Najeriya. Cikakken wata da Hanyar Madara mai kauri ba sa haɗuwa a dare ɗaya. Tauraro ba ya fitowa a cikin ɓangaren wata mai duhu, gajimare kuma ba ya wucewa ta bayan wata. Duk mai tantance hotuna a ɗakin labarai zai iya buɗe Stellarium, ya sa wuri da rana da awa, ya ga ko saman da ke hoton ta yiwu.

Mai fasaha yana da 'yancin haɗa abin da ya ga dama matuƙar ya faɗi cewa haɗi ne. Ɗan jarida ba shi da wannan 'yancin. A 2015 alƙalan gasar World Press Photo sun cire kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙima. Shekara guda kafin nan, hoton dare ne ya ci babbar kyautar gasar: John Stanmeyer ya ɗauki 'yan ci-rani a bakin tekun Jibuti, ƙarƙashin farin wata, sun ɗaga wayoyinsu sama suna neman sabis mai araha daga Somaliya don su ji muryar gida. Ba a ƙara masa tauraro ko ɗaya ba.

Duhu a matsayin dukiya

Ana auna duhun sama da ma'aunin da John Bortle ya wallafa a 2001, daga mataki na 1, inda Hanyar Madara ke iya yin inuwa a ƙasa, zuwa na 9, tsakiyar babban birni. Wuraren da ke mataki na 1 da na 2 raguwa suke yi. Wani bincike da ya fito a mujallar Science a watan Janairun 2023, wanda ya dogara da rahotanni sama da 50,000 na masu kallon sama da ido, ya gano cewa hasken samaniya yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara tsakanin 2011 da 2022. Da wannan gudun, yaron da aka haifa a inda ake ganin taurari 250 zai ga 100 ne kawai ranar da ya cika 18.

Wasu ƙasashe sun mayar da batun doka. Garin Flagstaff a jihar Arizona ya hana manyan fitilun talla masu harba haske sama tun 1958. Sifen ta yi wa tsibirin La Palma dokar kare sama a 1988, Chile ta yi wa yankunan arewacinta a 1998, Afirka ta Kudu kuma ta kafa tata a 2007 don kare wuraren nazarin taurari na yankin Karoo. Faransa ta wajabta kashe fitilun gaban shaguna da ƙarfe 1 na dare tun 2013, da na ofisoshi awa ɗaya bayan fitar ma'aikaci na ƙarshe. A 2012 gandun NamibRand na Namibiya ya zama wuri na farko a Afirka da ƙungiyar kare duhun sama ta duniya ta amince da shi a matsayin keɓaɓɓen yanki, kuma masaukan baƙi na yankin suna sayar da dare kamar yadda wasu ke sayar da kallon zaki. Matattun itatuwan Deadvlei da jerin kukokin Morondava a Madagaska sun shiga cikin wuraren da aka fi ɗauka da dare a nahiyar.

Duhun Namibiya an tsara shi ne, an kuma sa masa farashi. Na yawancin Afirka kudu da Sahara gibi ne: kusan mutum miliyan 600 ba su da lantarki, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa miliyan 85 daga ciki 'yan Najeriya ne, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Hotunan dare da taurarin ɗan'adam ke ɗauka daga sama suna nuna wannan ƙarara. Wasu daga wurare mafi haske a taswirar Najeriya wutar iskar gas ce da ake ƙonawa a Neja Delta, a kusa da ƙauyukan da ke kwana da aci-bal-bal. Masana tattalin arziki ma sun koma auna gaskiyar gwamnatoci da wannan haske; binciken Luis Martínez na 2022 ya nuna cewa gwamnatocin kama-karya suna ƙara kusan kashi 35 cikin 100 a kan bunƙasar da suke iƙirari, in aka gwada da ƙaruwar fitilunsu.

Babu mai hankalin da zai ce a bar asibitin ƙauye a duhu don hoto ya yi kyau. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun sanar a 2024 da shirin kai wuta ga mutum miliyan 300 kafin 2030, kuma ko rabinsa aka cimma taswirar Falchi za ta sake kama. Tambayar da ta rage ita ce irin fitilar. Hasken da ke dusashe sama shi ne wanda ya tsere sama ko gefe, bai haska hanyar kowa ba, an dai biya kuɗinsa. Fitila mai hula da ke fuskantar ƙasa, mai launin ɗorawa-ɗorawa na ma'aunin Kelbin 3000 ko ƙasa da haka, tana haska titi ba ta kashe ido ba. Farar nan mai shuɗi-shuɗi ita ce ta fi watsuwa a iska, ita ce kuma ta fi rikita barcin mutum da tafiyar tsuntsaye da ƙwari. Fitilun sola na kan titi sun zama aikin mazaɓa da 'yan majalisa suka fi so, don ana ganinsu ana kuma liƙa musu suna. Masu bin diddigin irin wannan kwangila sukan tambayi nawa aka kashe da guda nawa aka kafa. Da wuya a ji wanda ya tambayi ina kan fitilar ya kalla, alhali ɗaga shi sama da wasu masu kafawa suke yi don haske ya yi nisa yana jefa wani kaso nasa a ido da samaniya.

Akwai kuma hasken da ba ya tasowa daga ƙasa. Kamfanin SpaceX ya harba rukunin farko na taurarin Starlink guda 60 a watan Mayun 2019, kuma zuwa 2024 sun haura 6,000. Suna mayar da hasken rana bayan magariba da gabanin asuba, su bar fararen layuka a hoto. Manhajar haɗa hotuna tana iya goge su, amma masu manyan madubai sun daɗe suna kuka. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023, kuma mai ɗora hoton taurarinsa daga ƙauyen da babu sabis wataƙila ta wannan layin da ya ɓata masa hoto ya tura shi.

Inda za a tsaya

A takarda, yankinmu yana da wuraren da za su yi gogayya da Namibiya. Duwatsun Ayar da hamadar Tenere a Nijar suna cikin jerin wuraren gado na UNESCO tun 1991, tsaunukan Ennedi na Chadi masu ƙofofin dutse sun shiga a 2016. A Najeriya akwai tsaunin Mambila da gandun Gashaka-Gumti a Taraba, da duwatsun Riyom a Filato da suka hau kan juna, da Yankari a Bauchi, da dutsen Kwatarkwashi a Zamfara.

Amma in aka ɗora taswirar duhu a kan taswirar tsaro, sai a ga sun yi kama da juna fiye da yadda ake so. Dajin Rugu, da gandun Kamuku a Birnin Gwari, da Sambisa, suna cikin wurare mafi duhu a ƙasar, kuma sunayensu a labaran garkuwa da mutane da hare-hare aka fi jinsu. Rashin hanya da wuta da ofishin 'yan sanda da ya bar samansu da tsabta shi ne ya bar ƙasarsu ga masu bindiga. Hotunan dare na waɗannan wurare ba su da yawa, kuma rashinsu ma wani bayani ne game da iyakar inda ikon hukuma ya tsaya.

Ga mai son farawa, ba sai an yi nisa ba. Kilomita 40 ko 50 daga babban birni, a garin da mutum yake da dangi, ya isa ya ga bambanci, musamman in ya sa birnin a arewacinsa ya fuskanci kudu. A je da rana a ga wurin, a zaɓi bishiya ko dutsen da zai zauna a gaban hoton. A gaida mai unguwa a gaya masa abin da ya kawo mutum, a sanar da 'yan sintiri, a tafi da ɗan gari. Baƙon da aka gani a kan dutse ƙarfe 2 na dare da na'ura mai ƙafa uku da jan haske, a lokacin da kowa ke zargin masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ba zai sami damar yin bayanin ISO ba. A nisanci barikin soja da shingen bincike da turakun sadarwa. A sa takalmi rufaffe, domin bazara lokacin kunama ce, kububuwa kuma da dare take fitowa ta kwanta a kan ƙasar da ta sha rana. Batir yana saurin ƙarewa in ana dogon ɗauka, raɓar kaka kuma tana rufe gilashi cikin rabin awa ba tare da mutum ya lura ba, don haka a riƙa duba shi da jan haske bayan kowane hoto biyar ko shida.